Ranar da Na Zama Sandar Maƙwabciyata

Ni ban iya riƙe biro ba sai da na haura shekara hamsin, a ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu a Zariya. Don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, yadda nake magana haka nake rubutawa. Abin da zan faɗa a nan Amurka ya faru, inda nake zaune gidan ɗana na fari a Mitchellville, kuma har yau in na tuna shi sai na ji raina ya soma ɓaci kamar jiya aka yi.

Ina da maƙwabciya, gida biyu ne tsakaninmu. Mutuniyar ƙasar Nefal ce, tsohuwa kamata, gajera, mai ɗan zoben zinariya a hanci. A ajin Turanci na tsofaffi muka haɗu, wanda ake yi a laburare ranar Talata. Ni da ita ne ƙarshen aji kullum. Ita ma ba ta taɓa shiga makaranta a garinsu ba, sai da aka kawo ta nan renon jikoki, kamar dai ni. Turancinmu rabi nawa rabi nata, in aka haɗa sai ya ishe mu hira. Tana ce mini Didi, wato yaya a yarensu, don na girme ta da shekara biyu. Ni kuma ƙawa nake ce mata. In na yi dambu na aika mata, in ta yi wani abincinsu mai kama da ɗanwake da aka cusa wa kayan lambu ta aiko mini.

Mijinta ya rasu a nan. Kafin ya rasu sun yi alkawari su biyu cewa za su koma gida su hau wani dutse da ake ziyara a ƙasarsu, inda ake bin hanya ana tsayawa a ɗakunan ibada, na 'yan Hindu da na 'yan Buda, har a kai ƙololuwa. Na tambaye ta ita wanne ne nata a cikin biyun. Ta ce a duwatsunsu duka ake gaisarwa. Ni dai ban gane wannan ba, ban kuma ce na gane ba. Bai samu zuwa ba ya mutu, alkawarin ya rage a wuyanta ita kaɗai. Ga ta da ciwon zuciya, likita ya ce ba ita ba hawan wancan dutse, iskar wurin ba za ta ishe ta ba. Ga idonta yana tafiya, ya kai haske da duhu kawai take bambancewa. Sai wani limaminsu ya ce mata ai a nan ma akwai wuraren ibadarsu a cikin duwatsun da ke bayan Maryland, ta wajen West Virginia. Ya ce ta bi uku a rana ɗaya, ranar zagayowar rasuwarsa, a na ƙarshe ta zagaya sau goma sha ɗaya, alkawari ya sauka.

Shekara biyu tana roƙon ɗanta ya kai ta. Shekarar farko aiki, ta biyu kuma ya tafi taro wata jiha. Yaron da ta goya a bayanta tana hawa dutse da kwandon itace, shi ne ba shi da yini guda. A ta uku ya ce matarsa za ta kai ta. Surukar ta yarda za ta tuƙa mota, amma ita irin masu aiki da kwamfuta ce, kullum da wani ɗan farin abu maƙale a kunne tana magana da mutanen da ba a gani. Ƙawata ta san tuƙi za a yi mata, ba riƙo ba. Shi ya sa ta zo har falonmu tana lalube da sanda, ta ce, "Didi, ki zo ki riƙe ni."

Na ce to, tun kafin ta zauna.

Da ɗana ya dawo daga asibiti na gaya masa, sai ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Likita ne, ba na kiran sunansa, Likita nake ce masa. Ya ce Hajiya, gidan gumaka fa za ki. Ya ce me mutane za su ce in labari ya kai wajen karatun mata na ranar Asabar a Upper Marlboro. Na ce masa shi da yake yini yana tura hannu a cikin mutane, ya taɓa tsayawa ya tambayi mai ciwo me yake bauta wa kafin ya ɗinke shi? Ya ce wannan daban. Na ce ina bambancin, don kai ana biyan ka? Na tuna masa ranar da na zame a ƙanƙara a bakin ƙofa, shi da matarsa suna wurin aiki. Matan Upper Marlboro ba su suka ɗaga ni ba. Wannan makauniyar ce ta ji ihuna ta lalubo, ta zauna a ƙasa ta ɗora kaina a cinyarta har motar asibiti ta zo.

Sai ya ce to kada in yi sujada, kada in ci abin da aka miƙa wa gunki. Na ce, "Likita, tun kana tsumman goyo nake salla. Sau biyu na je Makka. Ba kai za ka koya mini inda goshina yake sauka ba."

Niyyata tun daga gida na ɗaura ta. Ni sanda ce. Sanda ba ta ibada, kai mai ita take yi.

Muka tashi da hantsi, lokacin da ganyen itatuwa ya yi ja ya soma zuba, da sanyi mai shiga ƙashi. Na ɗauki darduma da buta da carbina da ƙunshin dabino. Wuri na farko bai da nisa da Gaithersburg, na 'yan Hindu ne. A bakin ƙofa aka ce a cire takalma. Wannan kam ban ga baƙon abu ba. Na zaro leda daga jaka na zuba nawa da nata na rataya a hannu, yadda muke yi a Harami. Surukar ta yi dariya ta ce Anti, ba mai ɗaukar takalmi a nan. Na ce mata haka aka ce mini a Madina ma, na koma masauki da ƙafa a zafin tayil.

Ciki kuwa ƙamshin turaren wuta, ƙararrawa tana ta kaɗawa, ga gumaka an sa musu tufafi masu walƙiya da furanni a wuya. Akwai mai kan giwa. Na kalle shi sau ɗaya na sunkuyar da kai ina ambaton Allah a zuciyata, hannuna dai yana kan gwiwar hannun ƙawata. Na kai ta inda za ta tsaya, na ja da baya taku biyu. Limamin wurin ya zo da faranti yana ɗiga wa mutane jan abu a goshi. Da ya iso kaina na dafa ƙirji na girgiza kai. Ya dubi mayafina ya yi murmushi ya wuce, bai ko tsaya ba. Aka miƙo wata alawa, ƙawata da kanta ta tare hannun mai rabon ta ce Didi ba ta cin wannan. Ni ban taɓa gaya mata ba, ta dai sani.

Daga nan muka kama hanyar duwatsu, mota tana hawa tana lanƙwasa har kunnena ya toshe. Ƙawata ta sauke gilashin mota kaɗan tana shaƙar iska. Ta ce a garinsu wannan ba dutse ba ne, tudun da akuya ke kwanciya ne, amma ƙamshin itatuwan ya yi kama. Ta ce mijinta in suna hawa shi ne a gaba, ba ya waiwaye, sai dai ya riƙa tari don ta san inda yake. Wuri na biyu ɗan ƙarami ne a gefen tudu, shi ma na 'yan Hindu. Ta zuba ruwa ta ajiye furanni. Ni kuma na shimfiɗa dardumata a inda ake ajiye motoci na yi azahar, tsakuwa tana cin gwiwata. Duk wannan tafiyar surukar tana cikin taronta na kunne. In ta ce yawwa, sai in ɗauka da mu take, ashe da wani ne a wata jiha.

Sai wajen ƙarfe biyu da rabi muka isa na ƙarshe, na 'yan Buda. A bakin hanya akwai allo, kuma ni yanzu ina karanta allo, na ga an rubuta ana rufe ƙofa ƙarfe biyar. Surukar ta ce mu hau, za ta biyo mu in ta gama wata magana, minti goma. Muka hau mu biyu, ƙafa bayan ƙafa, muna hutawa a kowace kwana. A sama akwai fili, a tsakiyarsa wani farin gini kamar rumbun hatsi da aka shafe da farar ƙasa, da tsini mai ruwan zinariya a kansa. Ba ƙofa, ba taga. An kewaye shi da 'yar gajeriyar katanga, a bayanta hanya mai faɗi ta zagaye shi, ga tutoci masu launi a kan igiya iska tana kaɗa su. Ba kowa a wurin sai wata Baturiya a kan benci, ta yafa jan bargo, ta harɗe ƙafafu, idonta biyu a kanmu.

Ƙawata ta sa baƙin gilashin da likita ya ba ta don rana, ta fito da carbinta, ta ce, "Didi, zagaye." Ta soma karatunta ƙasa-ƙasa.

To ni fa zagaye ɗaya ƙafata ta sani. Wanda ya taɓa ɗawafi ya san Ɗakin Allah a hagunka yake, a haka ake tafiya. Ba tunani na yi ba, ban ma san akwai abin tunani ba. Na shiga tsakaninta da ginin don kada ta yi tuntuɓe da katanga, na riƙe hannunta na hagu, na sa ginin a haguna, muka kama tafiya. Ita kuma ba ta ce mini ta nan ko ta can ba. Wa zai tsaya gaya wa babba da wane hannu ake cin tuwo? A wurinta kowa ya san ana sa ginin a dama ne. Ga ido babu, ga hanya mai faɗi, ga hankalinta yana wurin mijinta. Ta bi ni yadda ake bin sanda.

Tana karatunta ina istigfarina. Da muka kai bakwai ƙafata ta so ta tsaya da kanta, na ce mata ba a Makka kike ba, ci gaba. Daga na takwas na soma jin nauyinta yana ƙaruwa a hannuna, numfashinta yana fita da 'yar ƙara. Duk zagayen da muka yi sai mun wuce gaban bencin nan, kuma duk wucewa sai Baturiyar ta yi mana murmushi ta ɗan sunkuyar da kai. Har na ce a raina wannan baiwar Allah tana da tarbiyya. Sau goma sha ɗaya.

Da muka gama ƙawata ta haɗa tafin hannu ta kai goshi, hawaye yana bin ƙasan gilashinta. Ta ce ta sauke alkawari. Na zaunar da ita a ƙarshen bencin na ba ta ruwa. A lokacin ne Baturiyar ta matso, muryarta kamar ta mai lallashin jariri. Ta ce abin ya burge ta ƙwarai. Ta ce tana so dai mu sani, don gaba, ta ɗaya gefen ake bi, a sa ginin a dama. Ta ce tun zagayen farko ta lura, amma ba ta so ta katse mu ba, ba huruminta ba ne.

Turancina bai kai in yi faɗa da shi ba, don haka da Hausa na yi mata, ta ji ko kada ta ji. Na ce ke yanzu kina zaune kina kallon tsohuwa makauniya tana jan ƙafa sau goma sha ɗaya a banza, kina washe mana haƙori? A kasuwar Sabon Gari in zanenki ya kwance, kafin ki yi taku biyu wadda ba ta san ki ba ta ja ki gefe ta ɗaure miki. In kika juya wa alƙibla baya a masallaci, ta kusa da ke za ta kama kafaɗarki ta juya ki, ba za ta jira ki sallame ba. Amma a ƙasar nan mutum zai ga kin nufi rijiya ya yi miki murmushi, wai shi ba ya shiga sha'anin mutane, sai kin faɗa ya leƙo ya ce miki don gaba. Wannan shi suke kira ladabi. Matar ta ja bargonta tana ta ba ni haƙuri, ni kuwa rabin faɗan da kaina nake, don ni na ja ƙawata baibai, kalma ɗaya da na tambaya da ba a yi haka ba.

Ƙawata ta ji komai. Ta cire gilashin ta riƙe a cinya, carbin ya zame ƙasa ba ta nema ba. Na tambaye ta ko ba a karɓar na hagu. Ta ce a garinsu ana cewa wanda ya zagaya baibai kwancewa yake yi, ba ɗaurewa ba. Ta ce wata shekarar ba ta san ko tana nan ba.

Sai ga surukar ta hawo, minti gomanta ya zama awa ɗaya da wani abu. Da ta ji abin da ya faru ta dafa kafaɗar tsohuwar ta ce ba komai, zuciya ake dubawa, dama da hagu duk ɗaya ne, mu tafi kafin hanya ta cushe. Wannan maganar ta fi ta Baturiyar ƙona mini rai. In duk ɗaya ne me ya fito da mu tun hantsi? Ni ban yarda da ginin nan ba, ban yarda da mai kan giwa ba, kuma ba zan yarda ba har in koma ga Allah. Amma na san alkawari. Matar nan shekara uku tana ɗauke da shi, ba wanda zai ce mata duk ɗaya ne don yana gudun cunkoson motoci.

Na dubi agogon hannuna, huɗu saura kwata. Ga la'asar a kaina ban yi ba. Na ɗauki carbinta na sa mata a wuya. Na cire babban mayafina, na bar ɗankwali da hijabin ciki, na zagaya shi a ƙugunta da nawa na ɗaure tamau kamar majanyi, yadda in ta saki jiki ni zan ɗauka.

Na ce, "Ƙawa, tashi. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Ta ce, "Didi, ƙafata ta mutu."

Na ce, "Tawa tana nan. Sa hannunki a katanga, kada ki ɗage shi."

Na ɗora hannunta na dama a kan katangar da kaina, don wannan karon ita za ta san hanya, ba ni ba. Ni na koma ta waje. Muka soma. Ita karatu, ni ƙirga, da ƙarfi da Hausa, ɗaya, biyu. Na waje ya fi na ciki tafiya, wannan a ranar na sani. A na huɗu muka tsaya ta huta tana jingine da ni, ina jin bugun zuciyarta a haƙarƙarina, na ce ya Allah kada ka kashe mini matar mutane a hannu a kan dutsen nan. A na shida gwiwata ta hagu, wadda na zame a kanta a ƙanƙara, ta ce ita fa nan ta tsaya. Na gwada taku ɗaya na ga wuta.

Surukar tana tsaye a gefe da waya a hannu, ina jin hoto take shirin ɗauka. Na yafito ta. Da ta zo na miƙa hannu na zare ɗan farin abin nan daga kunnenta na jefa a jakata. Ta buɗe baki, na ce saura biyar. Na kwance mayafin daga ƙuguna na ɗaura a nata, na ja kullin har sai da ta yi 'yar ƙara. Ba ta yi gardama ba, wannan kam na yaba mata. Na ja ƙafa na zauna a bencin, Baturiyar ta matsa mini, ban ko kalle ta ba. Duk wucewar da suka yi na ɗaga murya na faɗi lamba. A na tara na ga yarinyar ta zagaya hannu ta rungumo tsohuwar gaba ɗaya, kusan ɗauke da ita take, takalminta mai tsini yana nutsewa a tsakuwa. Hannun ƙawata bai bar katangar ba ko sau ɗaya. Da na ce goma sha ɗaya, rana ta sauka kan itatuwa, wani mutum yana tahowa da makullai a hannu.

Wannan karon ba ta yi kuka ba. Ta haɗa hannu ta yi 'yar magana da yarensu, gajeriya, irin wadda ake yi wa mutumin gida. Daga baya na tambaye ta me ta ce. Ta ce ce wa mijinta ta yi ya daina tari, ta iso.

Saukowa sai da Baturiyar ta kawo motarta har sama ta sauko da mu, na shiga don ba ni da ƙafar fushi. A wurin ajiye motoci na yi alwala da ruwan buta mai sanyi kamar ƙanƙara, na yi la'asar a zaune rana tana ja. Ƙawata ta tsaya a gabana can gefe riƙe da jakata da ledar takalma. Ina cikin raka'a ta uku na ji ta ɗaga sanda tana tare wani da zai gifta, tana ce masa ya bi ta baya, Didi tana salla.

Gwiwar nan sati uku ina jinyarta. Likita yana naɗa mini bandeji yana cewa ai ya faɗa, na ce me ka faɗa, gumaka ka ce ko gwiwa? Labari kuwa ya kai Upper Marlboro, don ni da bakina na kai shi. Wata hajiya ta ce ita da ita ce sai ta sake kalmar shahada. Na ce mata kullum sau nawa nake yin ta a tahiya, ba sai ta tuna mini ba.

Idon ƙawata ya ƙarasa tafiya a damina ta gaba. Ta daina zuwa aji. Ranar Talata in na dawo sai in biya in karanta mata wasiƙun da suka zo, kalma-kalma, wadda ta fi ƙarfina mu ajiye wa surukar. In za mu ɗan taka a unguwa, kafin mu fita ƙofa sai na tsaya na tambaye ta dama ko hagu. Takan ce Didi, gidan waya kawai za mu. Ni dai sai ta faɗa nake ɗaga ƙafa.